Alamomin DNA da Ceton Itatuwan da Ke Gab da Ƙarewa: Tambayoyi da Amsoshi

Me ake nufi da alamomin DNA?

Kowace ƙwayar halitta mai rai a jikin itace, ta ganye ce ko ta saiwa, tana ɗauke da wani dogon zare da ake kira DNA. A jikin zaren nan aka rubuta duk abin da itacen ya gada daga iyayensa, kuma da haruffa huɗu kacal aka yi rubutun: A, T, G da C. Rubutun yana da tsawo ƙwarai, domin a wasu itatuwan yakan kai haruffa miliyan ɗaruruwa, a dangin fayin (itatuwan nan masu ganye kamar allura) kuma biliyoyi. Ba kowane aiki ne ke buƙatar a karance shi duka ba. Masana sukan zaɓi wasu gajerun wurare da aka san jerin haruffansu yana bambanta daga wani nau'in itace zuwa wani, ko daga wannan bishiya zuwa 'yar'uwarta. Waɗannan wuraren su ne alamomin DNA.

Alamomin ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne da tambayar da yake amsawa. Wani yana faɗin nau'in itacen. Wani yana faɗin yankin da ya tsiro. Wani kuma yana ware bishiya guda daga cikin dubbai, kamar yadda zanen yatsa ke ware mutum. Yawancin ruɗanin da ake samu a wannan batu daga cakuɗa tambayoyin nan uku yake tasowa.

Ba za a dubi itace da ido a gane shi ba? Mene ne na wahalar da kai?

Idan itacen yana tsaye da ganyensa da furensa da 'ya'yansa, gwani zai gane shi. To amma sau nawa ake samun haka? Masana tsirrai sun fi dogara da fure da 'ya'ya wajen rarrabe nau'o'in da suka yi kama da juna, alhali akwai manyan itatuwa a dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya da sukan yi shekaru ba su yi fure ba, in ma sun yi, yana can sama, nisan mita 40 ko fiye daga ƙasa. Ƙaramin tsiro da bai wuce gwiwa ba sau da yawa ganyensa bai yi kama da na uwarsa ba.

Wannan ke nan a daji. A tashar jiragen ruwa lamarin ya fi tsanani. Jami'in kwastam yana buɗe kwantena ya tarar da katako da aka yanka aka fere, babu ganye babu ɓawo, sai takarda da ta ce itace kaza ne. Masanin da ya ƙware a duba tsarin katako ta madubin ƙara girma zai iya faɗin dangin itacen, amma galibi a nan iyakarsa take. Ɗauki dangin Dalbergia, wanda daga cikinsa ake samun jan katakon nan mai tsada: yana da nau'o'i kusan 250. Guda daga cikinsu, Dalbergia nigra na Burazil, tun 1992 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, sauran kuwa ana iya sayarwa idan akwai izini. Ke nan bambancin halas da laifi yana rataye ne a kan sunan nau'i, ga shi kuma a daidai nan ido ke gazawa.

Da gaske itatuwa suna cikin haɗarin ƙarewa har haka?

Ƙwarai kuwa. A duniya akwai nau'o'in itatuwa kusan 60,000 da aka sani. Rahoton da ƙungiyar lambunan tsirrai ta duniya, BGCI, ta fitar a 2021 ya nuna kimanin 17,500 daga ciki suna fuskantar barazanar ƙarewa, 142 sun riga sun ɓace daga daji, sannan fiye da 440 abin da ya rage na kowannensu a daji bai kai bishiya 50 ba. A watan Oktoba na 2024 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanar a birnin Kali na Kolombiya cewa cikin nau'o'i 47,282 da aka tantance, aƙalla 16,425 na cikin haɗari. Manyan dalilan su ne share daji domin noma da kiwo, da sare itatuwa don katako, sai cututtuka da ƙwari da sauyin yanayi.

Duk waɗannan alƙaluman an gina su ne a kan suna. Idan aka ɗauki nau'i biyu a matsayin ɗaya, sai a ga kamar suna da yawa, alhali ɗayan ya kusa ƙarewa ba wanda ya lura.

Wane ɓangare na DNA ake karantawa don gane nau'in itace?

A 2003 wani masani a Jami'ar Guelph ta Kanada, Paul Hebert, ya kawo shawarar a tsayar da gajeren yanki guda na DNA ya zama shaidar kowane nau'in halitta, tamkar layukan nan da ake bugawa a jikin kaya na'ura ta karanta. Ga dabbobi abin ya yi daidai, domin wani yanki mai suna COI, mai haruffa kimanin 650, yana rarrabe su sosai. Da aka gwada shi a tsirrai sai ya ƙi, saboda a jikinsu wannan yankin yana sauyawa a hankali ƙwarai, har nau'o'i masu nisa da juna sukan fito kusan iri ɗaya.

An ɗauki shekaru ana muhawara kafin a 2009 taron masana ya tsaya a kan yankuna biyu, rbcL da matK. Dukansu suna cikin kuloroplas, wato ɗan koren gurbin da ke cikin ƙwayar ganye inda tsiro ke sarrafa hasken rana ya zama abinci. Na farkon yana da sauƙin karantawa amma bai cika rarrabewa ba. Na biyun ya fi rarrabewa amma yana da gardama a ɗakin gwaji. Idan aka haɗa su, a gwajin da aka yi lokacin, sun bambance kimanin kashi 72 cikin 100 na nau'o'in da aka gwada. Wannan bai isa ba, shi ya sa ake ƙara wasu yankuna kamar ITS da trnH-psbA. A yau da kuɗin karanta DNA ya sauko, da yawa sun koma karanta DNA ɗin kuloroplas gaba ɗayansa, mai haruffa kimanin 150,000, ko ɗaruruwan wurare daga cibiyar ƙwayar halitta a lokaci guda.

Wani abin lura: hanyar ta fi ƙarfi idan an san dajin da ake magana a kai. A tsibirin Barro Colorado na Panama, inda aka daɗe da lissafa kowace bishiya a fili mai hekta 50, binciken da aka wallafa a 2009 ya gane fiye da kashi 98 cikin 100 na nau'o'i 296 da yankuna uku kawai. Dalili shi ne tambayar ta ƙuntata. Ba a ce "cikin itatuwan duniya wanne ne wannan" ba, an ce "cikin waɗannan 296 wanne ne".

Yaya aikin yake tafiya, daga daji zuwa sakamako?

Ana tsinkar ɗan ganye, a sa shi cikin jaka tare da ƙwayoyin silika masu shanye danshi, domin idan ganye ya bushe da sauri DNA ɗinsa ba ya lalacewa. Idan ganyen ya yi nisa, sai a huda ɗan ƙaramin wuri a ɓawo a ɗebi jiƙaƙƙen sashen da ke ƙarƙashinsa. Ana rubuta ainihin wurin da na'urar GPS, a ɗauki hoto, sannan a yanki reshe guda a danne shi a busar, a kai ma'ajiyar busassun tsirrai. Wannan reshen shi ne hujja. Idan gobe aka yi jayayya kan sunan itacen, shi za a koma a duba.

A ɗakin gwaji ana niƙa ganyen, a fasa ƙwayoyinsa da sinadarai, a tace DNA. Daga nan sai a kwafi yankin da ake so ta hanyar da ake kira PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 har ta ba shi kyautar Nobel a 1993. Kowane zagaye yana ninka kwafin sau biyu, zagaye 30 sai ga kwafi wajen biliyan ɗaya. Na'ura ta karanta jerin haruffan, kwamfuta ta kwatanta su da waɗanda ke ajiye a rumbunan bayanai irin su GenBank da BOLD.

Ɗibar samfurin ba ya cutar da itacen?

A'a. Ganye kamar tafin hannun yaro ma ya wadatar, ramin ɓawon kuma yana warkewa. Abin da ake kiyayewa shi ne tsabtace kayan aiki da takalma, don kada a kwashi cuta daga wata bishiya a kai wa wata.

To katakon da aka sare aka busar fa? Akwai sauran DNA a ciki?

Akwai, amma a nan ne gumi yake. Tsakiyar gungume, inda katakon ya fi ƙarfi da kyawun launi, kuma inda 'yan kasuwa suka fi so, matattun ƙwayoyi ne. Tun itacen yana tsaye DNA ɗin wurin ya fara gutsurewa. Ƙari a kan haka, sinadaran da ke ba katakon launi da ƙamshi, masu hana gara cinsa, su ne kuma ke hana PCR aiki. Sai a zo a busar da shi a tanderu mai zafi, a shafa masa magani, ko a matse shi da gam a yi falanki. Kowane mataki yana ƙara ragargaza abin da ya rage.

Saboda haka ake neman gajerun alamomi, masu haruffa 100 zuwa 200, waɗanda za a iya samu ko a cikin gutsattsarin. Ana kuma fifita DNA na kuloroplas da makamantansa saboda kowace ƙwaya tana ɗauke da kwafinsa da yawa. Farin sashen da ke kusa da ɓawo ya fi bayar da sakamako mai kyau. Gungumen da ba a daɗe da sarewa ba yana da sauƙi. Ƙafar kujerar da ta shekara 20 tana iya ƙi gaba ɗaya. Gawayi kuwa ba a ma maganarsa, sai dai a duba tsarinsa ta madubi.

Za a iya gane daga wace ƙasa ko wane daji aka saro katako?

Za a iya, idan an yi aikin share fage. Itace ba ya tafiya. Irinsa da garin furensa ne kawai ke yawo, su ma ba su cika yin nisa ba. Shi ya sa itatuwan da ke kusa da juna suka fi kusancin jini, kuma a tsawon dubban shekaru kowane yanki yakan samu nasa tsarin alamomi. Idan aka bi duk faɗin inda nau'in ke tsirowa aka ɗebi samfuri daga wurare da yawa, sai a zana taswirar gado. Katakon da ake tuhuma sai a ɗora alamominsa a kan taswirar a ga inda ya fi dacewa.

Muhimmancin wannan shi ne, yawancin ha'incin da ake yi a cinikin katako a takarda ake yin sa. A saro daga gandun da aka hana, a tsallaka iyaka da shi, a samo masa takardar wata ƙasa. Hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, INTERPOL, da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, sun ƙiyasta cewa kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na katakon da ake cinikinsa a duniya ba ta halastacciyar hanya aka samo shi ba. Rahoton 2016 na UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, ya nuna cewa daga 2005 zuwa 2014, jan katako shi kaɗai ya kai kashi 35 cikin 100 na darajar duk namun daji da tsirran da aka kama ana fasa-ƙwaurinsu, ya ɗara hauren giwa. Wannan ne ya sa a 2017 dukan dangin Dalbergia suka shiga jerin CITES, yarjejeniyar da ke tsara cinikin namun daji da tsirran da ke cikin haɗari tsakanin ƙasashe, tare da madobiya ta Afirka ta Yamma, wadda ake kwasa zuwa Sin don yin kayan ɗaki. A taron CITES na 2022 a Panama aka ƙara dangin kawo da na maɗaci na Afirka.

Sai dai a sani, itatuwa ba su san iyakar ƙasa ba. Daji guda yana iya ratsa ƙasashe biyu, alamominsa iri ɗaya hagu da dama. Don haka amsar da DNA ya fi bayarwa da ƙarfi ita ce ta ƙaryatawa: "wannan katakon bai fito daga inda takardar ta ce ba". Faɗin ainihin inda ya fito ya fi wuya. Cibiyar Thünen da ke Hambug a Jamus na daga cikin wuraren da suka daɗe suna wannan aiki ga hukumomi da 'yan kasuwa.

An taɓa kama wani da irin wannan shaida a kotu?

An yi. A 2021 wata kotun tarayya a jihar Washinton ta Amurka ta samu wani mutum da laifin satar itatuwan mapul daga gandun dajin gwamnati na Olympic. Irin wannan katako yana da tsada saboda ana yin kayan kiɗa da shi. Mutumin ya sayar wa wani kamfanin yanka katako da takardun da ke cewa daga filin wani mai zaman kansa ya saro. Masanin gado na hukumar gandun daji ya kwatanta DNA na katakon da na kututturan da aka bari a daji, suka dace. Masu gabatar da ƙara sun ce shi ne karo na farko da aka gabatar da DNA na itace a shari'ar laifi ta tarayya a ƙasar.

A irin wannan aikin ba rbcL ko matK ake amfani da su ba. Ana duba wuraren da 'yan haruffa ke maimaita kansu sau da yawa, yawan maimaicin kuma ya bambanta daga bishiya zuwa bishiya, ko kuma ɗaruruwan wuraren da harafi guda ke sauyawa. Kafin kotu ta yarda, dole a nuna an gwada ɗaruruwan itatuwan wannan nau'in, don a san yiwuwar a samu biyu masu alamomi iri ɗaya bisa dace.

Ban da kama ɓarayin katako, me kuma DNA ke yi wa itacen da ya kusa ƙarewa?

A ganina wannan sashen ya fi wancan muhimmanci, ko da yake ba shi ke shiga labarai ba. Idan nau'in itace ya ragu zuwa 'yan tsiraru, ƙidayarsu kaɗai ba ta faɗin gaskiyar halin da yake ciki. Bishiya 50 da suka fito daga uwa ɗaya ba daidai suke da 50 da suka fito daga zuri'a dabam-dabam ba. Na farkon za su riƙa barbara tsakaninsu, irinsu ya yi rauni kamar yadda ake gani idan auren zumunci ya yi yawa, kuma cutar da ta kama ɗaya tana iya gamawa da duka.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne fayin ɗin Wollemi na Ostireliya. Danginsa a burbushin duwatsu kawai aka san su, sai a 1994 wani ma'aikacin gandun daji, David Noble, ya ci karo da shi a raye a cikin wani kwazazzabo mai zurfi. Manyan bishiyoyin ba su kai 100 ba. Da aka gwada DNA ɗinsu sai aka tarar kusan babu bambanci tsakaninsu. Wannan sakamakon ya nuna girman haɗarin, musamman da aka gano cutar ruɓewar saiwa ta shiga wurin a 2005. Shi ya sa aka ci gaba da ɓoye ainihin wurin, aka yaɗa dashensa a lambuna a ƙasashe da dama, aka kuma kafa wasu gungu a wasu wurare na daji. A gobarar 2019 zuwa 2020 sai da aka tura ma'aikatan kashe gobara na musamman suka tsare kwazazzabon.

Akwai kuma itacen toromiro na tsibirin Ista da ke tekun Fasifik, wanda ya ɓace daga daji wajen 1960. Ya tsira ne a lambuna, ciki har da na Gothenburg a Suwidin, inda aka shuka irin da wani mai bincike ɗan ƙasar Norway, Thor Heyerdahl, ya ɗebo daga bishiyar ƙarshe. Da aka tashi mayar da shi tsibirin sai tambaya ta taso: duk itatuwan da ke ɗauke da sunan toromiro a lambunan duniya, na gaske ne? Gwajin DNA ya nuna wasu ruwa biyu ne. Da an dasa su ba tare da gwaji ba, da an yi shekaru ana renon abin da ba shi ake nema ba.

Haka nan DNA ke nuna daga waɗanne bishiyoyi ya kamata a tara iri domin ajiya, waɗanne za a haɗa barbara, wane gungu ne ya bambanta da saura har ya cancanci a fara kare shi, da kuma ko garin fure yana iya ƙetarawa tsakanin ragowar dazuzzukan da gonaki suka raba.

Gwajin yana kuskure?

Yana yi, ta hanyoyi da dama. Wasu itatuwan, kamar dangin oak, suna barbara tsakanin nau'i da nau'i, har nau'o'i biyu da ke daji ɗaya su riƙa ɗauke da DNA na kuloroplas iri ɗaya. Wasu kuma, kamar dangin Inga na Amazon mai nau'o'i kusan 300, ba su daɗe da rabuwa da juna ba, don haka alamominsu ba su gama bambanta ba. Itace yana da tsawon rai, zuri'arsa tana sauyawa a hankali, DNA ɗinsa ma haka. Samfuri kuma yana iya gurɓata da DNA na naman gwari ko na wani samfurin da ke kusa.

Babbar matsalar dai tana rumbun bayanai. Kwamfuta ba ta san itace ba. Kwatantawa kawai take yi da abin da aka zuba mata. Idan nau'in da kake nema ba ya ciki, za ta nuna maka ɗan'uwansa mafi kusa, wanda bai ƙware ba kuma ya ɗauka amsa ce. Idan wanda ya zuba bayanin tun farko ya yi kuskuren suna, kuskuren zai bi duk wanda ya zo bayansa. Abin takaicin shi ne itatuwan da suka fi buƙatar kariya, na dazuzzukan wurare masu zafi, su ne suka fi ƙarancin samfuri a rumbunan. Yankin Wales na Birtaniya ya kammala karanta alamomin dukan tsirransa masu fure da dangin fayin na asali, nau'i 1,143, tun 2012. Burazil kuwa nau'o'in itatuwanta kaɗai sun haura 8,000.

Ke nan DNA zai maye gurbin masana tsirrai?

Ko kusa. Duk jerin haruffan da ke rumbu, wani ne ya taka da ƙafarsa ya je gindin bishiyar, ya gane ta, ya ba ta suna daidai. Sau da yawa kuma mutumin da ya kai shi wurin mazaunin dajin ne, wanda ya san lokacin furenta da inda 'yan'uwanta suke. Yawan masu wannan ƙwarewa yana raguwa, ma'ajiyoyin busassun tsirrai da dama suna fama da rashin kuɗi, alhali su ne ginshiƙin aikin. Sayen na'ura mai tsada ba tare da an gina tarin samfuran da aka tantance ba, ɗora kaya ne babu gammo.

A aikace ma ba a dogara da hanya guda. Ana fara duba tsarin katakon ta madubi, mai sauri da araha. Akwai gwajin sinadaran katako da ke rarrabe nau'i cikin mintuna, wanda ɗakin binciken laifukan namun daji na Ashland a jihar Oregon ta Amurka ya yi fice a kai. Akwai gwajin isotop, mai nuna irin ruwa da ƙasar da itacen ya sha. Shirin World Forest ID yana tara samfuran katako da ganye masu ɗauke da ainihin wurin da aka ɗebo su, domin duk waɗannan hanyoyin su samu abin kwatantawa ɗaya.

Wa ke da iko da samfuran da bayanan da aka samu?

Ƙasar da itacen ke cikinta. Yarjejeniyar Nagoya, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2014, ta tanadi cewa sai da izinin ƙasa za a ɗebi albarkatun gadonta, kuma a raba amfanin da aka samu cikin adalci, har da al'ummomin da iliminsu ya taimaka. Inda aka daɗe ana ja-in-ja shi ne jerin haruffan da aka riga aka ɗora a intanet, wanda kowa zai iya saukewa ba tare da ya taɓa ganye ba. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare halittu da aka yi a Kali a 2024 aka amince a kafa asusun da kamfanonin da ke cin riba daga irin waɗannan bayanai za su riƙa zuba wani kaso.

Akwai kuma batun sirri. Bayanin da ke faɗin ainihin inda bishiyoyi 20 na ƙarshe suke tsaye yana amfanar mai bincike, yana kuma amfanar mai zarto. Don haka rumbuna da yawa sukan dusashe wurin idan nau'in yana cikin haɗari, su nuna yanki kawai, cikakken bayanin kuma sai wanda aka tantance ake ba shi.